Kyamara Uku Kafin Baba Ya Ci Tuwo

Alhamdu lillahi, Baba ya koma Zariya da ƙafarsa, sanda guda kawai yake dogarawa. Sai da ya tafi na samu sukunin zama in rubuta wannan, kuma gara in faɗa tun yanzu, da sauran haushi a raina, mafi yawansa kuwa haushin kaina ne. Duk mai tsoho a kwance a ƙasar nan ya daure ya karanta, musamman in 'yan'uwa sun fara kawo masa maganar sa kyamara a ɗaki.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In na gaishe shi yakan amsa yana kallon wani wuri, in kuma yana da magana sai ya nemi wanda zai bi ta kansa: "A gaya wa mutanen gidan nan..." Mutanen gidan nan ni ce. Da Inna ce ke isar da saƙon, bayan rasuwarta aikin ya koma hannun ƙanena Sani. A Zariya wannan bai taɓa zama matsala ba, gida cike yake da masu kai saƙo. A Takoma Park kuwa, inda nake aure a ƙasar Turawa, da maigidana ya fita aiki ƙarfe bakwai, daga ni sai Baba sai ƙarar firij.

Ziyarar wata uku ya zo, a duba masa ido ya koma. Ana tsakiyar sanyi, wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, maganarsa ta zama kamar da dutse a baki. Motar asibiti ta zo da wuri, wannan kam na gode musu. Amma da aka gama ɗaukar hoton kansa aka yi masa allurar farko, awa tara muka yi a kan gadon turawa a baranda kafin a samu ɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Kwana tara a asibiti, mako biyu a wurin masu motsa jiki, sai kamfanin inshora ya ce a nasa lissafin Baba ya warke. Mutumin da ba ya iya riƙe cokali.

Muka sa shi a ɗakin ƙasa mai taga ta wajen lambu. Aka kawo kujera mai fo aka ajiye kusa da gado, don da ƙafar hagu yana iya jan jiki ya hau da kansa. Inshora ta yarda da nas sau uku a mako, Litinin, Laraba da Juma'a. Allah ya taimake mu aka turo Danjuma, mutumin Jos, magidanci mai haƙuri da ke zaune a Laurel. Ranar farko ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Baba ya dube shi da mamaki, ya raɗa masa suna Ɗan Jos a take.

Sani yana Sterling, yana aiki a ɗaya daga manyan gine-ginen nan marasa taga da ake tara kwamfutoci, kuma tun da ya samu aikin babu matsalar duniya da ba ya ganin na'ura za ta warware. Ya zo ran Asabar da kwali a hannu.

"Yaya, in ya faɗi kina sama fa? Wannan ko tari ya yi za ta turo mana saƙo. Har magana ana yi ta ciki."

Ya ɗora kyamarar a kan kabad tana kallon gado. Bai tambayi Baba ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya kuma tura hanyar shiga a guruf ɗin gidanmu, don kowa ya ga jikin Baba ya daina damunmu da kira. Na ce madalla. Makon nan na yi barci mai daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kwana biyar bayan nan na kai masa faten tsaki. Yana ta fama da cokali a hannun hagu, rabi a baki rabi a kan tawul, sai murya ta faɗo daga saman kabad: "Subhanallahi, Yaya! Da hagu kake ci?" Gwaggo Asabe ce, ƙanwarsa, daga Zariya. Ni dariya ma na yi, na ce Gwaggo ai lalura ce. Baba ya ajiye cokalin a hankali ya juya fuska bango. Na ɗauka ƙoshi ya yi, na kwashe kwanon.

Daga ranar abinci ya fara komawa yadda ya zo. Mako na farko yana cin rabi. Na biyu cokali uku. Na uku shayi kawai, shi ma sai ya huce. Leɓensa ya bushe, in ya tashi zaune jiri ya ɗebe shi, wandon da muka saya masa ya koma sai an naɗe ƙugu. Na tuƙa mota har Laurel neman kuka da daddawa mai kyau. Na yi ɗanwake, na yi miyar kuɓewa busasshiya, na dama kunun tsamiya. A guruf kuwa kowa ya zama likita. Gwaggo ta ce zuma da habbatus sauda a kan harshe. Wani ɗan baffanmu a Jidda ya ce man zaitun da tafarnuwa. Matar Sani ta aiko katan ɗin madarar gwangwani ta marasa lafiya, Baba ya sunsuna guda ɗaya ya ture. Kowa yana kallonsa a waya yana ba ni umarni: Yaya ki gyara masa filo, Yaya ba ki ba shi ruwa ba. Na fara jin kamar ni ma a kan gadon nake.

Ganin likita a nan sai an nemi rana, ranar kuma sai bayan kwana goma sha ɗaya. Awa biyu muka yi a ɗakin jira ina cike takardun da na riga na cike sau uku, don ganawar minti goma. Aka gwada haɗiyarsa, lafiya lau. Aka gwada jini, aka duba ciki, ba a ga komai ba. Aka ɗora shi a sikeli, fam goma sha tara sun tafi. Likitar, mace ce mai kirki amma kullum ido a kan kwamfuta, ta faɗi kalmomin da har yau suke min amo a kunne: "failure to thrive." Wai jiki ne ya ƙi ci gaba ba tare da an san dalili ba. Ta ce ta ba mu mako takwas. In ramar ba ta tsaya ba, za a huda cikinsa a sa tiyo a riƙa ɗura masa abinci, kuma in aka kai nan zai fi kyau ya koma gidan kula da tsofaffi. Jirgi kuwa ta ce ko kusa, ba a wannan halin ba.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, Turancinsa ya fi nawa tsabta. Ya ji komai. A mota, da muka kusa gida, ya dubi gilashin gaba ya ce, "A mai da ni Zariya." Na riƙe sitiyari ina kuka ina jin haushinsa. Ga abinci, ga magani, ga mutane, me kuma ake so in yi?

Danjuma ne ya warware min. Ran Laraba ya gama yi masa wanka ya same ni a kicin, ya tsaya yana juya makullin motarsa.

"Anti, zan faɗa miki wata magana, kada ranki ya ɓaci."

"Faɗi mana, ran ai ya riga ya ɓaci."

"Baba ya ce a cire masa idon nan na kan kabad. Ya ce in ya ci dole ya zagaya, in zai zagaya kuwa har mutanen Jidda suna kallo." Ya ƙara da murya ƙasa ƙasa, "Kuma ya ce in ya gama, ke ce mai zubarwa. Ki lura da kyau, ɗan abin da yake ci, a jajibirin ranar zuwana yake ci, don ni in zubar."

Na zauna a kan kujera. Wata guda ina dafe-dafe ina zargin gishiri da yaji, ashe tsohon yunwa yake kwana da ita don ya tsare mutuncinsa. Na shiga ɗakin na hau kujera na fizge kyamarar har da ɗan fentin kabad. Kafin la'asar guruf ya kama da wuta. Sani ya kira yana huci, wai na mai da taimakonsa laifi. Gwaggo ta ce ana ɓoye musu wani abu. Na rubuta musu cewa duk mai son ganin Baba ga filin jirgin Dulles nan, na kashe wayar.

Na zaci shi ke nan. Ina! Ido ya tafi amma Baba bai juyo ba. Cikin ya riga ya saba da babu, zuciyar kuma ta yi nisa, ga maganar fo tana nan ba ta da magani. Mako guda cikin takwas ya tafi a haka.

"Wai me Baba yake yi a gida in ya tashi da safe?" Danjuma ya tambaye ni.

Tattabaru. Shekara arba'in yana kiwonsu a bayan gida, ya san kowacce da mijinta. Ba zan iya kawo tattabaru Takoma Park ba, maƙwabta za su kai ni ƙara kafin su sauka. Amma maƙwabciyata Misis Helen, wata tsohuwar Baturiya, tana da 'yan akwatunan katako a kan sanduna a lambunta, tsuntsaye na shiga su yi sheƙa duk bazara. Na taɓa jin ta ce wasu suna sa kyamara a ciki. Na ce to, ga kyamara tana zaman banza. Na sayo akwati, maigidana ya kafa shi a kan ƙarfe a ƙarshen lambu, na ɗaure kyamarar Sani a cikin rufin da igiyar roba.

Wannan ce ta ɗaya, kuma ba ta yi kwana biyu ba. An yi ta ne don ganin ɗaki daga nesa, abin da ke dab da hancinta ba ta gani. Duk abin da ta nuna mana wani jan hazo ne. Ga fitila da ke kunna kanta, ga wata muryar Baturiya da ke sanarwa duk lokacin da iska ta kaɗa akwatin. Na miƙa wa Danjuma wayar ya nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallon hazon, sannan ya ce, "Ɗan Jos, abin da aka yi min shi za a yi wa bayin Allah?" Faɗa ne, amma ita ce magana mafi tsawo da ya yi cikin wata guda, don haka na karɓe ta hannu biyu.

Sani ya ji labari, fushinsa ya wuce nan take, don an shigo fagensa. Ya aiko ta biyu, wadda aka yi musamman don akwatin tsuntsu, mai batir, ba waya ko ɗaya. A hoton kwalin har gashin idon tsuntsu ana gani. A lambuna kuwa, wifi ɗinmu yana kaiwa bishiyar tsakiya ya tsaya cak. Hoto ya zo na daƙiƙa uku, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Na kira layin masu kyamarar, na yi minti arba'in ina jin kiɗa, aka ce in matso da akwatin kusa da gida ko in matso da gidan, ban dai gane ba. Batir ɗin da aka ce yana wata biyu, kwana huɗu yake yi a sanyi, kuma ba a canza shi sai an buɗe rufin. Ga shi duk motsi sai ta tura saƙo wayoyin mutum goma sha ɗaya, don Sani ya sake raba hanyar shiga.

Amma cikin daƙiƙa ukun nan Baba ya ga cikin akwatin, kuma mai tattabaru ya farka. Umarni ya fara fitowa ta bakin Danjuma. Ƙofar ta yi ƙanƙanta, a faɗaɗa. A kafa ɗan sanda a bakinta don baƙo ya samu wurin sauka. A zuba gero a ciki da kan rufi, safe da yamma, a ajiye ruwa a kasko. Haka ake jawo tattabara ta saba da gida, haka ya yi shekara arba'in. Murna ta hana ni tunani. Maigidana ya ɗauko abin huda katako, ni kuma na buɗe geron kunun da na sayo da tsada na yi ta watsawa.

Baƙi kam sun zo. Gwara suka fara sauka, garke guda, suna faɗa suna kashi a kan rufin. Kashegari kurege ya iso. Ya ci na waje, ya gwaguye ƙofar ta ƙara faɗi, ya shige ciki ya zauna a kan geron. Hoto mafi kyau da kyamarar nan ta taɓa ɗauka shi ne na tumbin kurege, kuma ya isa Zariya da Jidda kafin in gan shi. Guruf ya cika da dariya. Ni ban yi ba, don a safiyar nan Danjuma ya auna Baba, fam biyu sun ƙara tafiya, mako uku kuma sun wuce.

Misis Helen ta leƙo ta kan shinge ta ga ɓarnar, ta dafe ƙirji. Ta ce tsuntsayen da ke shiga akwati ƙanana ne, ƙuntatacciyar ƙofa suke so don kada babba ya bi su. Sandan bakin ƙofa matakala ce ga maƙiyi. Abinci kusa da sheƙa gayyatar ɓarayi ne. Kuma a daina buɗe rufin. Ta ce, a Turance, abin da suke nema kawai wurin da ba wanda zai dame su.

Ranar Talata ce, ba Danjuma. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin Baba na faɗa wa labule duk abin da ta ce, don ban taɓa gaya masa ya yi kuskure ba. Can ya dubi taga ya ce, "Baturiyar ta fi ni sanin tsuntsun garinsu." Sannan ya gindaya sharuɗɗa, yana lissafawa da yatsun hagu. In za a sa wani idon, kada ya yi magana. Kada ya haska fitila. Kada a buɗe musu ɗaki don a ba shi abinci, yana nufin batir. Kuma kada hoton ya fita gidan nan.

Neman mai waɗannan siffofi ya ci min kwana shida. A manyan kantuna kowa sai ya nuna min mai magana da waya, in na ce ba na so a dube ni kamar na faɗo daga wata duniya. A intanet kowace kyamara taurari biyar gare ta. Wadda na fara oda ta zo da filogin wata ƙasa, na mayar. Daga ƙarshe Misis Helen ta haɗa ni da wani ɗan shagon kayan tsuntsaye, inda wani dattijo ya fito min da ƙaramar aba kamar kwalin ashana, da doguwar waya da ake sokawa kai tsaye a bayan talabijin. Ana murza gilashinta da hannu har sai ƙasan akwatin ya fito tar, tana gani a duhu ba tare da haske ba, kuma ba ta da baki. Ita ce mafi araha cikin ukun, abin da ya ƙara min takaici ke nan. Muka sayi sabon akwati mai ƙaramar ƙofa da aka zagaye da ƙarfe. Maigidana ya zura wayar cikin tiyon ban ruwa saboda haƙoran kurege, ya bi da ita gindin shinge har taga. Sani ya zo ya gani ya ce, "Yaya, wannan ai fasahar zamanin kakanni ce." Na ce ai don kakan aka saya.

Sai jira. Kwana tara Baba yana kallon katako a talabijin. Ni ina kallon kalanda. Akwai ranar da na fita shanya na tsaya gaban akwatin na zazzage shi da faɗa kamar mutum, har Misis Helen ta leƙo ta koma. Na fara tambayar Danjuma yadda ake kula da tiyon ciki, don na cire rai.

Ranar ta goma, ina wanke-wanke, na ji cokali yana bugun ƙarfen gado. Na sheƙo a guje na zaci faɗuwa ya yi. Yana zaune tsaf, ido a talabijin. Wata 'yar mitsitsiyar tsuntsuwa ce a ciki, ba ta kai rabin gwara ba, kanta baƙi, kumatunta fari, tana juyawa tana duba bango kamar mai neman hayar ɗaki.

"Sannu da zuwa, Mai Hula," in ji Baba.

Ta fita, ta dawo da gansakuka a baki. Mako guda tana jido, ta shimfiɗa gansakuka, ta bi da gashin dabba mai laushi. Ni kuma na samu abin da ban taɓa zato ba, wato mai kai saƙo. "Mai Hula, a gaya wa mutanen gidan nan shayin ya yi sanyi." "Mai Hula, ko akwai kunu a garin nan?" Ina tsaye a gefensa da tire, amma da ita yake magana, ni kuma in amsa mata. Da ta fara ƙwai, kullum guda, in za ta fita sai ta ja gashi ta lulluɓe su. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Kin san sutura." Kowace magariba kuma sai ya sa a yafa wa talabijin ɗin zane, wai a bar ta ta kwana.

Kunu da shayi da ɗan burodi ba su gina mutum. Ranar da mako takwas suka cika, sikelin likita ya nuna bai ƙara ba, bai kuma ragu ba. Ta daɗe tana kallon kwamfutarta, ta ce ta ƙara mana mako huɗu, daga nan ba ƙari. Na gode mata, na fito ina ƙunƙuni, don kuɗin fakin ɗin asibitin ma kaɗai ya isa ya sa wa mai lafiya hawan jini.

Ƙwai shida ne, biyar suka ƙyanƙyashe. Wasu jajayen abubuwa marasa gashi, duk baki. Uwa da uba suka shiga safa da marwa da tsutsa. A kwana na uku ina ɗakin ina ninke kaya, sai ɗaya daga 'ya'yan ya karɓi tsutsa, ya juya ya ɗaga gindi, ya fitar da wani ɗan farin ƙunshi. Mai Hula ta sa baki ta ɗauka ta fice da shi. Ta dawo, wani ya yi, ta sake ɗauka. Baba ya matso har bakin gado.

"Da bakinki?" ya ce. "Ba kya ƙyama?"

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba. Na dubi talabijin ɗin na ce, "Mai Hula, a gaya wa Baba, wanda ya ɗauke wa mutum nasa yana jariri, ba a ƙyamar nasa."

Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa, na kwashi kayan na fita. Ina kicin ina zagin kaina, sai na jiyo shi, da ƙarfi yadda zan ji: "Mai Hula, in da sauran tuwon jiya, a ɗumama." Ranar Alhamis ce ma, na ce ko don Danjuma zai zo gobe ne. Amma ya ci ran Juma'a, ya ci ran Asabar. Ran Lahadi da safe na shiga na ɗauki fo ɗin, ya juya fuska taga, ni ma na juya tawa, ba wanda ya mutu.

Ga abin da zan gaya wa duk mai jinya. Kafin ka sa wa tsohonka ido a ɗaki, ka tambaye shi, in ba ya iya gaya maka ka nemo wanda zai iya gaya wa. In ya daina ci, kada ka tsaya a kan gishirin miya, ka duba abin da ke biyo bayan cin. In kuma akwatin tsuntsu za ka sa masa, ka kafa shi tun sanyi bai gama tafiya ba, ka nemi kyamarar da ke ganin kusa, wadda ba sai an buɗe rufi ba, ka gwada ta a ƙasa kafin ka hau tsani. Geronka kuma ka bar shi a kicin. Danjuma, Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a. Misis Helen, na kai mata dambun nama ta ce ya yi mata yaji. Sani mun shirya, ko da yake har yau yana cewa da an sayi abin ƙara ƙarfin wifi da tasa ta yi aiki.

Abin da ban shirya masa ba shi ne tafiyar 'ya'yan Mai Hula. Dattijon shagon ya gaya min kwana goma sha shida zuwa sha takwas suke yi, na ji amma ban sa a rai ba. Saura kwana biyar mu koma wurin likita, wata safiya suka fara hawa bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar na ƙarshen ya yi tsalle. Mai Hula ta leƙo sau ɗaya da tsutsa a baki, ta ga ba kowa, ta juya. Talabijin ya koma nuna gansakuka da aka tattake.

Baba bai karya da kirki ba ranar. Na tuƙa tuwon shinkafa. Mai kai saƙo ta tafi, Danjuma sai jibi, Sani yana Sterling. Na ga tiyon nan ƙiri-ƙiri a idona, na ga gidan tsofaffin, na ji haushin tsuntsuwar da ba ta san ina yi ba. Na shiga da tire na ajiye a gabansa, na buɗe kwanon miya, na juya zan fita kamar kullum.

Ya dubi talabijin ɗin, ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi taga. Ya dubi labule. Na kai bakin ƙofa.

"Ke."

Na tsaya. Ban juyo ba, don ban tabbata da ni ake ba.

"Tuwon nan ya yi wa mutum ɗaya yawa. Wanko hannu ki zo."

Na wanko, na zauna a ƙasa a gefen gadon. Ya ture cokalin gefe, ya ɗago hannun dama yana karkarwa, ya gutsura, rabin lomar ta faɗi a kan tawul. Ban gyara masa ba, ban ce sannu ba. Na sa hannu ta nawa gefen, muka ci har muka ga ƙasan kwanon.